Rage kuɗin kula da kwamin ninƙaya na gida: ina za a taɓa, ina za a bari?

Abu Safwan: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya ce ga masana. Kwamin ninƙaya ne na gida a Abuja, tsawo mita 8, faɗi mita 4, zurfi daga mita 1.2 zuwa 1.8, kankare da tayil. Injin ruwan mai ƙarfin doki ɗaya ne, yana aiki awa 12 kullum, layin wutar kuma Band A, rukunin da ya fi tsada. Ga kulorin, ga maganin gansakuka, ga na sa ruwa ƙyalli, ga kuɗin yaron da ke zuwa sau uku a mako. Yara ba sa shiga sai Asabar da Lahadi. So ake a rage kashe kuɗi. Wani ya ce a kashe injin daga Litinin zuwa Alhamis, ran Juma'a a antaya kulorin a tada shi. Wani kuma ya ce a zubar da ruwan gaba ɗaya sai hutun makaranta. Wanne ya fi?

Injiniya Bala: Wa alaikumus salam Alhaji. Duk biyun babu na ɗauka. Mu fara da lissafi. Matsakaicin zurfinka mita 1.5 ne, 8 sau 4 sau 1.5 ya ba da 48, wato lita 48,000. Inji mai doki ɗaya, in filta da bututu suna lafiya, yana tura kamar lita 12,000 a awa, ka ga cikin awa 4 ya zagaya da adadin ruwan kwamin. Awa 12 zagaye uku ke nan, irin na otal da ake shiga daga safe zuwa dare. Gidan da ake shiga kwana biyu a mako, zagaye ɗaya da rabi ya isa, awa 6.

Irin wannan injin yana jan kusan yunit ɗaya a awa. Awa 12 kullum yunit 360 ne a wata. Tun da aka kai Band A Naira 225 duk yunit a Afrilun 2024 aka ɗan sauko da shi daga baya, mu ɗauka a 210: Naira 75,600. A awa 6 kuwa 37,800. Kuɗin da kake nema yana nan, ba ka taɓa komai a lafiyar ruwan ba. Ka sa taima, agogon da ke kunna injin ya kashe shi da kansa, a akwatin wutar, kada a bar wa mai gadi ya riƙa tunawa. Amma kada ka faɗo daga 12 zuwa 6 dare ɗaya. Ka rage awa 2 duk mako kana kallon ruwan. Ranar da ka tsaya a baki ka ga murfin magudanar da ke ƙasan kwamin ya fara dishi-dishi, ka mayar da awa ɗaya, a nan za ka tsaya.

Mai Sinadari: Na yarda da Injiniya. Bari in faɗi abin da ya sa shawarar kashewa Litinin zuwa Alhamis take cin kuɗi fiye da wanda take ajiyewa. Ma'aunin da ake amfani da shi ppm ne, giram ɗaya a lita 1,000. A lita 48,000, kafin ka ɗaga kulorin da ppm ɗaya da garin kulorin mai ƙarfin kashi 65, irin su HTH, kana bukatar giram 74. Kwamin da ke fili yana cin kamar ppm 2 a rana ko ba wanda ya shiga, saboda rana ce ke ƙone shi. Giram 150 ke nan kullum, kilo 4 da rabi a wata.

In ka bar shi kwana huɗu babu kulorin babu motsi a wannan zafin, tun kwana na biyu kulorin ya koma sifili, na uku bango ya fara santsi, na huɗu ruwa ya fara kore. Kashe gansakukar da ta riga ta kama yana bukatar a kai kulorin ppm 12 zuwa 16 kuma a riƙe shi a nan har ruwa ya washe. Zubin farko kaɗai ya kai wajen kilo ɗaya, kuma sai an sake, don gansakukar tana cinye shi cikin 'yan awoyi. Injin kuma sai ya kwana yana aiki. To ka yi haka sau huɗu a wata, ka ga an gudu ba a tsira ba. Kuma yaran da za su shiga Asabar za su tarar da kulorin da bai sauka ba.

Maman Ilham: Malam Mai Sinadari, to ƙwayoyin nan farare na giram 200 da ake sa wa a roba suna yawo a kan ruwa fa? Ai su sun fi sauƙi, a sa a manta har mako.

Mai Sinadari: Hajiya, sauƙin nan nasu shi ne tarkon. Ƙwayar tana da ƙarfin kashi 90, amma tana tafe da wani sinadari da ake kira CYA, wanda ke yi wa kulorin garkuwa daga rana. Kaɗan daga cikinsa dole ne: in babu shi, rana tana cinye mafi yawan kulorin cikin awa biyu zuwa uku. Ana son ppm 30 zuwa 50. Matsalar ita ce kulorin yana ƙarewa, shi CYA ba ya tafiya, taruwa yake yi. Ƙwaya ɗaya a wannan kwamin tana ba da kulorin ppm 3.75, ta bar CYA ppm 2 da 'yan kai. Kusan ƙwaya huɗu za a ci a mako. Cikin wata uku CYA ya haura 100.

Da ya yi yawa sai ya daure kulorin. Ki gwada ki ga ppm 2 ko 3, amma ruwa yana kore, a yi ta cewa kulorin ɗin jabu ne. Ƙa'idar da ake bi, kada kulorin ya gaza kashi 7 da rabi cikin ɗari na CYA. In CYA 40 ne, ppm 3 ya isa. In 100 ne, sai 7 ko 8. Kuma babu maganin da za a zuba ya cire shi da za a dogara da shi, sai an zubar da ruwa an sa sabo. Daga 100 zuwa 50 rabin kwami ne, lita 24,000, ya fi tanka biyu mai lita 10,000.

Abin da na fi so: sabon ruwa, a yi amfani da ƙwaya har guda 15 zuwa 18, CYA ya kai wajen 35 zuwa 40, sai a koma gari. A ajiye ƙwayar sai za a yi tafiya.

Ɗan Kurna: Malam, ka faɗi aibin ƙwaya ka ɓoye na gari. Shi ma garin yana barin alli a ruwa. Duk ppm ɗaya na kulorin yana ƙara taurin ruwa, wato yawan allin da ke cikinsa, da ppm 0.7, sama da 40 ke nan a wata. A Kano inda ruwa ke ƙafewa da yawa kuma ana cikawa da na burtsatse, kafin shekara ta zagayo farar ɓawo ta kama layin tayil, yashin filta ya dunƙule. To ina ribar?

Mai Sinadari: Gaskiyarka ƙanena, ban ce gari ba shi da laifi ba. Bambancin shi ne faɗin fili. Taurin ruwa yana da lafiya daga 200 zuwa 400, kwamin tayil ma yana son allin, don ruwan da ba shi da shi yana cinye siminti tsakanin tayil. Kuma in ka riƙe pH, ma'aunin da ke sauka in asid ya yi yawa a ruwa, ƙasa da 7.6 ɓawon ba ya saurin kamawa. CYA kuwa daga 50 zuwa 100 wata biyu ne. A Abuja da damina ruwan sama yana sirka taurin kyauta. Ku a Kano ku gwada taurin duk wata uku, in ya doshi 500 a sauya wani sashe na ruwan.

Ɗan Kurna: Ban gamsu gaba ɗaya ba, amma mu tafi.

Abu Safwan: Allah ya saka da alheri. To maganin gansakuka da na ƙyalli fa, a ci gaba da saye?

Mai Sinadari: A daina duk biyun Alhaji. In kulorin yana inda ya kamata kuma pH yana tsakanin 7.2 da 7.6, gansakuka ba ta samun wurin zama. Wasu magungunan gansakuka tagulla ce a ciki. Akwai ma masu zuba shuɗin garin tagulla kai tsaye don ruwa ya yi shuɗi maigida ya ji daɗi. Yana kashe gansakuka kam, amma ba a dogara da shi wajen kashe ƙwayoyin cuta, yana taruwa, ya bar tabo a tsakanin tayil wanda sai asid ke fitarwa.

Inda ya kamata kuɗin ya tafi shi ne pH. A 7.5 kusan rabin kulorin ne ke aiki da ƙarfinsa, a 8.0 bai kai kwata ba. Mai pH 8 yana sayen kulorin yana zubarwa ne. Garin kulorin yana ɗaga pH, don haka asid za ka fi bukata. Daga 7.8 zuwa 7.5 a kwaminka kamar mililita 400 ne na asid ɗin haidurokulorik mai ƙarfin kashi 30 da 'yan kai, amma ka zuba rabi, inji yana aiki, ka jira awa 4 ka sake gwadawa. A bokiti mai ruwa ake zuba asid, ba a zuba ruwa a kan asid.

Sani Mai Kwami: Ranka ya daɗe, tambaya biyu da iyayen gida ke yawan yi. Ruwan batir zai iya maye gurbin asid? Kanwa kuma za ta iya ɗaga pH in ya faɗi?

Mai Sinadari: Ruwan batir zai sauke pH, amma wani irin asid ne daban, yana barin gishirin salfet wanda ke taruwa ya ci siminti da kankare a hankali. In an ɗebo shi daga tsohon batir kuma akwai dalma a ciki, wannan kada a kusanto da shi. Kanwa tana ɗagawa, don dangin soda ce, sai dai ba ka san ƙarfinta ba kuma tana tafe da ƙasa. Garin soda ash da masu haɗa sabulun ruwa ke saye a shagon kemikal shi ne daidai, ga araha. In kuma pH yana ta hawa da sauka ba ya zama, alkaliniti ne, wato ƙarfin ruwa na riƙe pH wuri ɗaya, ya gaza 80. Bekin soda ke gyara shi, giram 850 yana ƙara ppm 10 a lita 48,000. Ana son 80 zuwa 120.

Tunda mun zo nan: garin kulorin da ƙwaya kada su haɗu a bushe ko a roba ɗaya, ko a cokali ɗaya. Suna kama wuta, suna fashewa. Kada kuma a ajiye durom ɗin kulorin a ɗakin janareta kusa da dizal. Zafi ma yana rage masa ƙarfi, inuwa yake so da murfi a rufe.

Ɗan Sola: Ni ina ganin duk wannan lissafin yunit ɗin ɓata lokaci ne. Akwai injin kwami na sola da ba ya bukatar batir ko inbata. Faifai uku masu wat 400 zuwa 550, akwatin sarrafawa, shi ke nan. Rana ta fito ya tashi, ta faɗi ya kwanta. Lokacin da rana ke cin kulorin shi ne lokacin da ruwa ya fi bukatar motsi, kun ga sun dace.

Injiniya Bala: Yana da kyau, amma mutumin nan rage kuɗi ya zo nema, kai kuma ka ce ya fito da jari. In injinsa ya mutu za a sayi sabo, a lokacin sai a yi maganar sola ko inji mai sauya gudu. Shi mai sauya gudun, in ka rage gudu rabi ruwan da yake turawa ya ragu rabi, wutar da yake ja kuwa a lissafi ta koma ɗaya bisa takwas. Ko ka ninka awoyi kana kan kwata, a aikace ka ce sulusi. Rauninsa allon lantarkin da ke kansa, wutarmu mai hawa da sauka tana ƙone shi in babu kariya. Solar kuma a watan Agusta na Abuja za a yi kwana biyu hadari bai buɗe ba, a lokacin da ruwan sama ya shigo da datti. Dole a bar tsohon injin a layi, kowanne da bawul ɗinsa.

Abin da ya fi kowanne asara shi ne tada janaretan dizal don injin kwami kaɗai. Janareta mai kVA 20 zai sha wajen lita 2 a awa don ya ba da yunit ɗaya, kuma aiki babu nauyi yana ɓata shi. In wuta ba ta zo ba, a haɗa awoyin kwamin da lokacin da janareta ke aiki don gida.

Maman Ilham: Injiniya, awa 6 ɗin da rana ko da dare? An ce da dare ya fi.

Injiniya Bala: Wannan shawarar ta ƙasashen da wuta ke sauka farashi da dare ce, Hajiya. Mitar gida a nan kuɗi ɗaya ne. A raba: awa 4 daga 11 na safe zuwa 3 na rana, awa 2 bayan magariba. A wannan na biyun ake zuba kulorin, ya kwana yana aiki babu rana. A cika bokitin roba da ruwa, a zuba garin a kai, a juya da sanda, a bari allin ya kwanta, a zagaya baki ana tsiyayawa. Kada a watsa garin a bushe, yana sauka ƙasa ya ci tayil.

Wani abu kuma da mai rage awoyi zai kiyaye: kada a sa ƙwaya a kwandon sikima, ƙofar da ke jikin bango inda inji ke jan ruwan da ke sama. Inji yana kashe awa 18, ƙwayar tana narkewa a ɗan ruwan da ke wurin, ya zama asid mai kauri, da an kunna ya wuce kai tsaye cikin inji ya ci roba da sil, abin da ke hana injin yoyo.

Sani Mai Kwami: Iyayena, ku bari mai aikin ya sa baki. In za a rage zuwan yaro daga uku zuwa ɗaya a mako, zai yiwu, amma sai an samu wani a gida da zai ba da minti 10 kullum. Ya kwashe ganye da raga, ya zazzage kwandon sikima da na inji, ya gwada ruwa, ya zuba kulorin. Ranar zuwan yaro kuma buroshi da bakyum, wato zuƙe dattin ƙasan kwamin. Buroshin nan shi ake fara gudu don shi ne mai wahala, kuma shi ne mai muhimmanci. Gansakuka tana yin majina a bango wadda kulorin ba ya ratsawa sai an kankare. Bayan tsani, kusurwar matakala, gefen fitila, nan take farawa. Baƙar gansakuka kuwa in ta kafa saiwa tsakanin tayil, sai buroshin ƙarfe da makonni.

Sannan a daina awo da gwangwanin madara. Gwangwani yana tsatsa, kuma hannun kowa daban. A sayi ƙaramin sikelin kicin, a auna giram 150 sau ɗaya a kofin roba, a ja layi da maka. Maigida ya sayi durom mai kilo 45 da kansa maimakon kilo-kilo a leda, a sa littafi a rubuta abin da aka gwada da abin da aka zuba. Da littafi babu zargi tsakanin kowa da kowa.

Baba Magini: Madalla da kai yaro. Ni kan maganar zubar da ruwa zan tsaya, don ita ce mai haɗari ga ginin. Ruwan nan tan 48 ne, shi ke danne kwamin. Yanzu damina ce, ƙasa ta sha ruwa, ruwan ƙarƙashi yana turowa sama. Kwamin da babu komai a ciki jirgin ruwa ne, ana iya wayar gari gefe ɗaya ya ɗaga, bututu sun karye, daɓen baki ya tsage. Ko bai ɗaga ba, bango yana ɗaukar nauyin ƙasa daga waje babu mai tare shi daga ciki. Da rani kuma rana ce ke dukan tayil, ya buɗe da rana ya tsuke da dare, ka ji yana ƙara kamar fanko in ka ƙwanƙwasa, daga nan sai faɗowa. Kwamin faiba da na leda ma ba a maganar zubar da su sai da mai sana'ar a wurin.

In gyara ya tilasta, a yi da rani, kwanaki kaɗan, a buɗe bawul ɗin rage matsin ruwan ƙarƙashi da ke cikin magudanar ƙasa in an sa shi lokacin gini. Ba kowane magini ke sawa ba, ka duba naka. Kuma Alhaji ka lissafa cikawa: tanka biyar, da sabon sinadari daga farko. Injin da ya yi wata uku a bushe kuma sil ɗinsa yakan manne, a kunna ya fara ɗiga.

Dakta Rabi: Baba ya gama magana kan gini, ga ta lafiya. Kwamin da aka zubar da damina ba ya zama a bushe, ruwan sama yana taruwa a zurfin. Sauro daga ƙwai zuwa tashi kwana 10 ne ko ƙasa da haka a wannan zafin, kuma mai kawo zazzaɓin cizon sauro irin wannan ruwan saman da rana ke bugawa yake so. Kuɗin da aka rage a kulorin a kai shi asibiti, har da maƙwabta. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce kada kulorin ya gaza ppm 1, in kuma akwai CYA a ruwan kada ya gaza 2. Ƙasa da haka ne ake ganin ciwon kunne, jan ido da gudawa. Yaron da ke gudawa kada ya shiga ko kulorin ya kai, akwai ƙwayar da ke jure masa kwanaki.

Abu uku kuma ba sa cikin abin ragewa ko kaɗan: katanga mai tsayin mita 1.2 da ƙofa mai rufe kanta, murfin magudanar ƙasa in ya fashe a sauya a ranar, da na'urar yanke wuta mai miliamfiya 30 a layin inji da fitila. Koren ruwa kuma yana ɓoye ƙasa, yaro ya faɗa ba a gan shi ba.

Ɗan Kurna: Mu a Kano babban kuɗin ruwa ne. Fuskar kwami irin wannan murabba'in mita 32 ce, duk milimita ɗaya da ya sauka lita 32. Da hunturu da bazara milimita 7 a rana ba abin mamaki ba ne, lita 6,700 a wata. Murfi shi ne magani, yana tare mafi yawan ƙafewar, yana rage cin kulorin kusan rabi, yana tare ƙura. Amma a kula da iri. Shuɗin nan mai kumfa-kumfa an yi shi ne don ɗumama ruwa. A Disamba da Janairu yana da daɗi, a Afrilu kuwa zai kai ruwa zafin da gansakuka ke so. Wanda haske ba ya ratsawa ya fi mana. A yaye shi bayan an zuba kulorin mai yawa, in ba haka ba ya ruɓe. Ruwan da ya kwanta a kansa a share saboda sauro. Kuma Dakta za ta yarda, murfin ba ya ɗaukar nauyin yaro.

Ƙurar hunturu kuma ta fi ƙarfin filtar yashi, wucewa take yi ta dawo. Kada a ƙara awoyin inji a kanta. Alif kilo 1 zuwa 2, a narkar, a juya bawul kan zagayawa ba ta cikin yashi ba na awa 2, a kashe inji ya kwana. Da safe datti ya kwanta a ƙasa, a zuƙe a hankali kai tsaye zuwa kwata. Haka ake yi wa ruwan burtsatse mai ƙarfe da ke komawa ja da an zuba kulorin.

Injiniya Bala: Ƙari kan ruwa. Bakwash, wato wanke yashin filta ta juya ruwa baya, duk mako don al'ada asara ce. Minti 3 lita 600 ne da kulorin ɗinsa, kuma yashi mai ɗan datti ya fi kama ƙura. A duba agogon matsi bayan wanki a rubuta. Sai matsin ya ƙaru da psi 8 zuwa 10 a kan agogon a sake wankin. In agogon ya mutu a sauya, ba shi da tsada. Kada a juya hannun bawul inji yana aiki, robar ciki tana yagewa, ruwa ya riƙa sulalewa ta bututun kwata ba wanda ya sani. Ka je bakin bututun inji yana kan tacewa, in yana ɗiga ita ce.

Don gane yoyo, a ɗora bokiti a matakala, ruwan ciki daidai da na waje, a yi alama, a jira awa 24 inji a kashe. In na kwami ya fi na bokiti sauka da milimita 5, lita 160 ke tafiya kullum. A maimaita da inji a kunne: in ya ƙaru, bututun dawowa ne ko bawul. Ruwa ya tsaya a tsakiyar bakin sikima, in ya sauka inji ya ja iska sil ya ƙone. Yashin filta shekara 3 zuwa 5, kuma na filta ne mai girman rabin milimita zuwa ɗaya, kada a ɗebo na gini. Fitilar cikin ruwa in tsohuwar mai wat 300 ce a sa LED mai wat 30.

Maman Ilham: To in tafiya za a yi ta wata biyu?

Mai Sinadari: A share tas, pH 7.4, a kai kulorin ppm 10, washegari a rufe da murfin da haske ba ya ratsawa. Taima awa 2 a rana. Ƙwaya biyu a robar yawo, mai gadi ya gwada sau biyu a mako ya buɗe murfin awa ɗaya ya sha iska. Kuma abin gwajin a kula: mai launin rawaya yana haɗa kulorin mai rai da wanda ya riga ya gama aiki, mai ruwan hoda, DPD, shi ke nuna mai ran. A ajiye a ɗaki, zafi yana kashe shi.

Abu Safwan: An sa taima, an fara da awa 10. An kuma kai ruwan shagon kayan kwami an gwada: kulorin 2, pH 7.9, alkaliniti 110, CYA 90. Ashe ƙwaya ake ta sawa. Sai a zubar da rabi ke nan? Baba kuma ya hana.

Baba Magini: Rabi lokaci ɗaya a Agusta, a'a. Kwata ba komai.

Mai Sinadari: To a yi kwata sau biyu. Santimita 37 daga inda ruwa yake shi ne lita 12,000. A rufe bawul ɗin sikima, a ja ta magudanar ƙasa zuwa kwata, in ba haka ba inji zai sha iska. A cika, a bari ya gauraya kwana biyu, a sake. Na farko ya kawo shi 67, na biyu 50. In an ga hadari ya haɗo a rage ruwan kafin ya sauka, ruwan sama na milimita 30 kusan lita 1,000 ne da ba ka saya ba, sai dai a tare wanda ke gangarowa daga lambu don yana tafe da taki. A cire ƙwayoyin yau. A sauke pH zuwa 7.4, mililita 300 da farko, a gwada bayan awa 4 a ƙara. Kafin a gama sauya ruwan a riƙe kulorin a 6 zuwa 7, daga 2 giram 370 ne daren yau. Kada a sake rage awoyin inji sai CYA ya sauka, don in ruwa ya dushe yanzu ba za ka san wanne ne sanadi ba.

Ɗan Kurna: A gwada taurin ma tunda za a koma gari.

Mai Sinadari: A gwada, a rubuta a littafin Sani.